Shekarar da Na Hau Soro Ina Bin Rana

Babana mai jirgin ruwa ne. Tun kafin a haife ni yake ɗaukar mutane da kaya daga bakin ruwan ƙauyenmu zuwa Wara ranar kasuwa, wani lokaci har Yelwa idan ruwa ya cika. Bai saba zaman ɗaki ba. Ko ranar da ba shi da tafiya, a bakin tafki za ka same shi, yana toshe kafa a jikin jirgi ko yana gardama da masunta a kan inda kifi ya koma. Wata safiya bayan girbin gero ya sunkuya zai tayar da inji, ya faɗi a cikin jirgin. Da aka dawo da shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya daina aiki, bakinsa ya karkace, maganarsa kuma sai wanda ya saba da shi yake ganewa.

A lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu. Jiharmu sabuwa ce, allon makarantar ma bai gama rabuwa da sunan Sakkwato ba, an shafa masa fenti amma ana karanta shi ta ƙasa. Aurena na fari ya mutu, na dawo gida ba ɗa ba goyo, don haka jinyar Baba ta faɗo kaina da Inna, mu biyu. Yayana yana Kaduna yana aikin haɗa wayoyin lantarki, sai lokaci zuwa lokaci muke ganinsa.

Ɗakin Baba yana cikin ɗakunan siminti da aka gina wa iyayenmu lokacin da ruwan dam ya cinye tsohon garinsu. Rufinsa gajere ne, tagarsa ɗaya, ita ma ƙarama. Da sanyi ba laifi. Da bazara kuwa bangon yakan wuni yana shan rana, ya kwana yana amayo ta. Lafiyayyu kowa waje yake shimfiɗa tabarma. Baba ba ya fitowa sai ƙarti biyu sun ɗauko shi, kuma sauron bakin ruwa ba ya barin wanda ba ya iya kore shi da hannu. Wutar lantarki ba mu da ita. Inna, wadda aka haifa a tsibirin da yanzu yake ƙarƙashin ruwa, takan ce ruwan da ya ci gonar ubanta shi ke haska birane, ita kuma an bar ta da fitilar ƙwai. Ba da kuka take faɗa ba. Faɗa take yi kamar mai tuna wa mutum laifinsa.

Da sanyin shekarar nan yayana ya zo da wani abu a naɗe cikin bargo. Ya kwance, sai ga faranti mai gilashi, shuɗi mai duhu, tsawonsa ya kusa kai ƙyauren ɗaki. Ya ce farantin sola ne, tsoho ne da aka cire daga wani wurin aikinsu. Ya haɗo da batirin mota, da ƙwan fitila ɗaya, da ƙaramar fanka irin ta cikin mota.

Kafin ya ɗora shi sama, ya gwada mana a tsakar gida. Ya haɗa wayar fankar kai tsaye da farantin, ba batir a tsakani, ya ce in riƙe. Ina riƙe da shi a kwance, fankar tana juyi a hankali kamar mai jin barci. Hannuna ya gaji na ɗan jingina shi da gwiwata, fuskarsa ta kalli rana, sai fankar ta ɗauki gudu har tana rawa a kan turmi. Na sake kwantar da shi, ta lafa. Na ɗaga, ta tashi. Inna ta yi dariya ta ce wannan abu ya fi wasu mutane sanin inda abincinsa yake.

Yayana yana sauri, washegari zai koma. Ya buga farantin da ƙusa a kan kwanon rumfar Baba, ta ɓangaren da ke kallon cikin gida, wato arewa, don kada masu wucewa su gani ransu ya biya. Ya ja waya zuwa ɗaki, ya nuna mana yadda ake kunnawa, ya tafi. Mun ji daɗinsa duk tsawon sanyi, domin fitila kawai muke kunnawa idan Inna za ta juya Baba ko ta ba shi magani.

Da zafi ya shigo muka gane iyakarsa. Mukan kunna fanka bayan isha'i, kafin barcin Baba ya yi nisa ta fara ja da baya, ta tsaya. Daga nan sai mafici. Inna ta yi fifita har hannunta ya ƙage, in karɓa, in tafi makaranta da safe idona yana yaji. Duk da haka zufa ta jiƙa masa baya, ƙuraje suka feso, wasu suka fashe suka zama gyambo. Ma'aikacin lafiyar da ke zuwa dubawa ya ce idan bayan nasa bai bushe ba, zai fi shanyewar jikin ba mu wahala.

Na rubuta wa yayana, amsa ba ta zo da wuri ba. Na zauna ina kallon farantin a kan rumfa. Da hantsi rana tana can gabas, haskenta yana goge shi ta gefe yana wucewa. Sai wajen azahar take hawowa ta ɗan same shi, shi ma a karkace, don kwanon ya sunkuyar da shi arewa, ita kuwa a lokacin tana bi ta kudu. Da la'asar inuwar mangwaron gidanmu ta rufe shi. Abin da nake koya wa 'yan aji shida ne da tocila da allo: idan ka haska allo kai tsaye, hasken yakan taru wuri ɗaya ya yi ƙarfi, idan ka karkata tocilar sai ya bazu ya yi rauni. Farantin nan yana wuni a rana, amma abin da yake kamawa bai taka kara ya karya ba.

Ranar wata Asabar na ari tsani da hamar cire ƙusa, na sauko da shi.

A gidanmu wuri ɗaya ne rana take samu tun fitowarta har faɗuwarta: saman soron da Baba ya gina da ƙasa don ajiye inji da taru. Ya fi kowane ɗaki tsayi, samansa shimfiɗaɗɗe ne. Na je wurin maƙwabcinmu mai sassaƙa jirage, Bakambare ne Kirista, abokin Baba tun suna samari. Na zana masa abin da nake so a ƙasa da tsinke. Ya haɗa mini firam na katako, ya ratsa wani tsohon bututun ƙarfe ta tsakiya daga kudu zuwa arewa, yadda farantin zai riƙa juyawa gabas ko yamma kamar ƙyaure, da sanda mai tsaga-tsaga da za ta tokare shi a duk inda na tsayar. A gefen firam ɗin na buga doguwar ƙusa a tsaye cak. Idan ƙusar ta yi inuwa, farantin bai fuskanci rana ba. Idan na juya shi har inuwar ta shige gindinta ta ɓace, to ya yi saiti.

Shi da ɗansa suka ɗora mini shi. Daga ranar na shiga hawan soro. Kafin in tafi makaranta in hau in kallar da shi gabas. Lokacin hutun tara in rugo gida, don makarantar ba nisa, in ɗan ɗaga shi. Da an tashi in kwantar da shi yana kallon sama, da la'asar kuma in juya shi yamma ya bi ta har ta faɗa bayan tafki.

Ba a yi mako ba fankar ta fara kaiwa asuba. Inna ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Gyambon Baba ya fara kamewa daga gefe.

Sai dai soron nan, duk wanda ya hau shi yana ganin fiye da rana. Ta yamma tafki ne shimfiɗe har iyakar gani. Ta gabas kuwa gidan Baffa ne, ƙanen Baba, da tsakar gidansa da madafinsa, da gidajen maƙwabta biyu. A ƙauyenmu namiji ne ke hawa sama, shi ma sai zai yi yaɓe ko gyaran rufi, kuma sai ya ɗaga murya ya sanar don mata su kimtsa. Ba a taɓa ganin mace a sama ba, balle bazawara, balle kullum.

Baffa ya shigo wata la'asar ina saukowa. Ya tsaya har na taka ƙasa, na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba. Inna ya kalla.

Ya ce, "Mi ɗiyar ga take nema bisa?"

Inna tana tankaɗe, ba ta ajiye rariya ba. Ta ce, "Iska take nema ma yayanka, Alhaji."

"Wanda ya kawo abin ai ya buga shi inda ya dace. Ita ta fi shi sani?"

Na ce, "Baffa, inda ya buga shi rana ba ta samunsa sosai. Idan ka shiga ka ga bayan Baba yanzu..."

Ya ce, "Ba da ke nike magana ba." Ya juya wurin Inna. "Gari duk ana zancenta. Mata ba su iya wanka cikin gidajensu. Gobe in ga an maida shi inda yake."

Inna ta ce, "Ba a maida shi."

Ban taɓa jin ta yi wa Baffa magana haka ba. Ya juya ya fita. Ko ɗakin Baba bai leƙa ba.

Zancen wanka ƙarya ne, don makewayin kowane gida yana can bayan ɗakuna, kuma ni idan na hau, ƙusata nake kallo. Amma da wannan bai kama ba sai aka sauya wani. Aka fara cewa ana ganina da sassafe a durƙushe a sama, fuskata gabas, ina ɗaga wa rana madubi. Aka tuno cewa dangin Inna na tsibiri har yanzu akwai masu bin addinin kakanni a cikinsu. Wata ƙanwar kakata, wadda ita kam ba ta taɓa ɓoye tsafinta ba, ta zo gaishe da Baba ta ji labarin, ta yi dariya har da tari. Ta ce su dai tunda take ba ta ga sun bauta wa rana da waya da batir ba. Ni ban yi dariya ba. A makaranta wata uwa ta zo ta ce a cire 'yarta daga ajina.

Wata safiya na fito ban ga tsani ba. Na Baffa ne dama, ya aiko an ɗauke tun kafin mu tashi. Rana ta riga ta fito, farantin yana can yana kallon yamma inda na bar shi jiya, ya ba ta baya. Na tsaya ina duban bangon. Akwai tsohuwar durom ta man jirgi a gindin soron, sama da ita kuma kawunan azara sun ɗan leƙo daga jikin ƙasa. Na ɗaure zanena da kyau a kan wandon da nake sawa ciki, na hau durom, na kama azara, na ja jikina. Ƙasar bangon ta goge mini gwiwa da gwiwar hannu har jini. Na juya farantin gabas, na jira inuwar ƙusa ta ɓace, na sauko ta inda na hau. Na wanke ciwon na tafi aji.

Kwana biyu ina hawa haka. A na uku maƙwabcinmu mai sassaƙa ya jingina sabon tsani a bangon, ya shiga ya zauna wurin Baba.

Daga nan Baffa ya kai magana gaban mai gari. Aka aiko kirana ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Zauren cike yake da dattawa, ga liman, ga Baffa a gefe. Na zauna daga bakin ƙofa, Inna tana bayana, ko da yake ba a kira ta ba.

Baffa ya yi bayani mai tsawo a kan mutuncin gida, da yadda yayansa yake kwance ba ya iya tsawatarwa, shi ya sa aka raina kowa. Bai ambaci tsafi da bakinsa ba, wani ne daga baya ya jefo maganar. Liman ya ɗaga hannu, ya juyo gare ni.

Ya ce, "Malama, idan kin hau, mi kike cewa?"

Na ce, "Bisimilla nake yi, Malam, don kada in faɗo."

"Mi ya sa sai gabas?"

"Da safe ne gabas. Da la'asar yamma. Abin yana kama wuta ne gwargwadon yadda ya fuskanci rana. Idan ya karkace mata, kaɗan yake samu, fankar Baba ta mutu da wuri."

Ya ce, "Kamar mai shanyar kifi ke nan, yana bin rana da tabarma."

Na ce haka ne. Ya ce shi bai ga abin tuhuma a nan ba, kuma wanda ya jefi musulma da wannan magana ya je ya nemi gafara. 

Saura zancen hawa. Mai gari dattijo ne mai son kowa ya tashi da ɗan abinsa a hannu. Ya tambaya ko a dangi akwai namijin da zai karɓi aikin. Na ce ina so, amma ya sani ba hawa ɗaya ba ne a wuni, kuma ba ranar hutu, ko ranar kasuwa ko ranar biki. Aka dubi Baffa. 'Ya'yansa maza duk suna kan ruwa tun asuba. Ya ce a maida abin kan rumfa kawai, kowa ya huta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kowa zai huta ban da mutum ɗaya. Ni ba zan maida shi ba. Idan an sauke, zan sake ɗorawa."

Wani ya ce in iya bakina. Inna daga bayana ta ce, "Ku da kunka taru nan, wa ya taɓa kwana yana yi mai fifita?" 

Mai gari ya daɗe yana shafa gemu. Daga ƙarshe ya ce tunda aikin maza na ɗauka, to in yi shi yadda maza ke yi: duk lokacin da zan hau, in ɗaga murya in sanar, yadda kowane gida zai ji. Na ga Baffa ya ɗan saki fuska. Ya ɗauka kunya ba za ta bar ni in tsaya tsakar gida ina kwarara murya gari yana ji ba.

Ya manta aikina. Mai tsayawa gaban aji cike da yara tun safe ba ta rasa murya. Washegari na tsaya gindin tsani na ce, "A kimtsa, za a hau soro," da ƙarfin da sai da kajin Inna suka watse. Na maimaita lokacin tara, da azahar, da la'asar. A kwanakin farko yara suna kwaikwayona a hanya. Daga baya wata maƙwabciya, tsohuwa mai tuyar ƙosai, ta fara amsawa daga gidanta, "Hau abinki, Malama." Wani maƙwabcin kuwa, ba mai sassaƙa ba, ya ƙara wa katangarsa tsayi da zana, ya daina amsa gaisuwata. Akwai wani malamin makaranta daga Wara da ya fara zuwa zance wurina a lokacin, mutumin kirki a ganina. Ya zo ya ce danginsa sun ji labari, ko zan haƙura da hawan nan zuwa a ɗaura aure. Na ce ba zan haƙura ba. Bai sake dawowa ba. Na ji zafinsa, ba zan ce ban ji ba, amma ko sau ɗaya ban yi tunanin aika masa ba.

Baba yana jin duk abin da ake ciki daga kan gadonsa. Wata rana Baffa ya shigo ya zauna kusa da shi, ya ce, "Yaya, kai kaɗai take jin maganarka. Ka ce ta sauko." Ina bakin ƙofa da kwanon kunu. Baba ya daɗe yana haɗa kalmar a bakinsa, miyau yana zubo masa ta gefe. Abin da ya fito shi ne, "Bar ta." Baffa ya ce bai ji ba. Baba ya ɗaga hannun hagu ya nuna fankar, ya sake cewa, "Bar ta."

Da Baffa ya fita, Baba ya yafuto ni. Na sunkuya. Ya yi ta ƙoƙari har na gane tambaya yake yi: ruwa. Yana so ya san inda ruwa ya kai.

Tun daga ranar, duk saukowar da zan yi sai na shiga na ba shi labarin tafki. In ce ruwa ya ja baya har dutsen nan mai kama da doron raƙumi ya fito. In ce jirgin wane ya tashi da buhunan albasa, ya yi lodi har ruwa na lasar bakinsa, sai Baba ya girgiza kai, don ya sha yi wa mutumin faɗa a kan haka. In ce mata sun fara shuka a laka inda ruwa ya janye. Nasa jirgin yana kife a gaɓa, shi ma ina ganinsa daga sama, amma ban taɓa sa shi cikin labarin ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Da damina ta matso sai na lura inuwar ƙusa ta ƙi ɓacewa ko yaya na juya farantin. Takan rage, amma sai ta ɗan zube ta kudu. Na yi kwana biyu ina zargin firam ɗin ya goce, kafin na gane rana ce ta sauya hanya, ta koma tana bi ta arewa da mu. Na sa bulo a ƙarƙashin bututun ta kudu, farantin ya ɗan sunkuya arewa, inuwar ta shige. Da sanyi ya dawo sai na maida bulon ɗaya gefen, har na ƙara wani a kai, don a lokacin rana takan yi ƙasa sosai ta kudu.

Iskar farkon damina ce ta kusa raba mu da shi. Wata la'asar hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, ina makaranta muna taron malamai. Kafin in iso gida iska ta fara ɗaga kwanon rufin mutane. Farantin yana tsaye a karkace yana kallon yamma, yadda na bar shi kafin taron, iskar tana dukansa ta baya kamar filafilan jirgi. Inna ta riƙe mini zane ta ce in bar shi. Na fizge na hau. Sandar tokaren ta riga ta karye, farantin yana bugun firam. Na kwanta a kansa da ƙirjina, na zare ɗankwalina na ɗaure shi da bututun, na ƙara da igiyar tarun da ke wurin. Ruwa ya sauko ina can. Na sauko kai ba ɗankwali, jiƙe sharkaf, a gaban duk wanda ya leƙo. Gilashin ya tsage ta kusurwa ɗaya, amma ya ci gaba da aiki, sai dai ƙarfinsa ya ɗan ragu. Da yayana ya zo ya ga inda farantin ya koma da tsagewar, ya hau ya duba, ya sauko ya ce wayar da na ja ta yi siriri, ya sauya mini mai kauri.

Baba ya ga wata bazarar bayan wannan, bayansa a bushe. Ya rasu cikin damina, da rana tsaka, Inna tana ba shi ruwa.

Bayan addu'ar bakwai Baffa ya shigo gaishe da Inna. Yana tsaye daga bakin ƙofar ɗakin da take takaba ya ce to, yanzu dai wanda ake yi dominsa ya tafi, sai a sauke abin nan, yarinya ta zauna kamar kowace mace ko Allah ya kawo mata miji.

Inna ta ce, "Ni ba mutum ba ce, Alhaji? Ni ma ina jin zafi."

Na ci gaba da hawa har shekara ta zagayo, aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wata makaranta ta wajen Shanga. Kafin in tafi na so in sauko da farantin in kafa shi a tsakar gida, inda Inna za ta iya juya shi daga tsaye, ko da rabin wuni ne zai riƙa samun rana. Ta ce in bar shi inda yake, za ta sami mai hawa. Ban tambaye ta ko wa ba, na ɗauka ta yi magana da maƙwabcinmu mai sassaƙa.

Hutun farko na biyo jirgin kasuwa na dawo. Mun kusa gaɓa da la'asar, wata mata da ke zaune kusa da ni ta taɓa ni ta ce, "Ba gidanku ne can ba?" Na duba. Akwai mutum a kan soro, ƙarama, a sunkuye, da farin mayafi ɗaure a ƙugu. Ta daɗe tana gyara sandar kafin ta miƙe.

Na iso gida tana kan tsani, tana saukowa taki ɗaya bayan ɗaya, tana haɗa ƙafafu biyu a kowane mataki. Na riƙe mata tsanin har ta taka ƙasa. Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ni.

Ta ce, "Kada ki fara. Ɗauko mini ruwa, kuma gobe ki duba ƙusar nan taki, ta fara lanƙwasa."